Kafin ka karɓi aikin kula da sabobi, fara tambayar kuɗin haya

Wani yaro da na koya wa aiki ya zo mini da takardu biyu, kowacce ɗauke da tayin aiki. Ɗaya daga wani kamfani a babban birni, ɗayar daga wata ma'aikata a gari mai matsakaicin girma. Tun kafin ya zauna ya riga ya yanke hukunci, don albashin ta birnin ya fi kauri nesa ba kusa ba. Abin da ya kawo shi kawai in ce masa Allah Ya sanya alheri. Na ce ya miƙo mini biro.

Shekaruna goma sha biyar ina wannan aiki na kula da tsarin kwamfutocin ma'aikata, wato manyan kwamfutocin nan da ake kira saba, da hanyoyin sadarwar da ke haɗa su, da asusun ma'aikata, da kwafin ajiya. Lissafin da na yi masa a ranar ban iya shi ba sai da na sha wuya, shi ya sa nake son in shimfiɗa shi a nan.

Mun cire sunan kuɗi gaba ɗaya, don lissafin ya yi aiki a ko'ina. A ce abin da zai shigo hannunsa a birnin, bayan an cire haraji da fansho, 100 ne. Ɗaki mai ɗan dama-dama kusa da wurin aikin zai ci 45, zirga-zirga ta ci 10, saura 45. A ɗaya garin abin da zai shigo hannu 72 ne, haya 18, zirga-zirga 4, saura 50. Ya ɗauki takardar ya sake bin lambobin da yatsa, yana neman inda na yi masa coge. Babu. Wanda ya fi albashi da 28 ya ƙare wata da ƙarancin 5 a aljihu.

To ka fara da nan. Albashin da ke kan takardar tayi ba shi ne naka ba. Ka nemo abin da zai rage bayan haraji, sannan ka buɗe tallan gidajen haya na garin ka ɗauki farashin gida goma waɗanda kai da kanka za ka iya kwana a ciki, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya. Kada ka ɗauki mafi araha. Mafi araha ko an riga an kama shi, ko akwai abin da hoton ya ɓoye. Ka kuma tambayi yadda ake biya a can, domin wani wuri wata-wata ne tare da kuɗin ajiya, wani wuri kuwa sai ka zube na shekara guda kafin a ba ka makulli, kuma wannan kaɗai yana iya cinye duk abin da ka tara.

Akwai ma'aunin da ake yawan ambata, cewa kada gida ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da kake samu. Daga Amurka ya fito: a 1969 dokarsu ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kan kashi 25 na kuɗin shigar mai haya, a 1981 aka ɗaga zuwa 30, daga nan ya zama abin da kowa ke kafa hujja da shi. Ma'auni ne mai amfani, amma su da albashin da ba a cire wa haraji ba suke auna shi. Ni da abin da ke shigowa hannu nake aunawa, kuma in ya haura kashi ɗaya cikin uku sai in fara zargin tayin.

Abin da ba a rubutawa da manyan haruffa

Yanzu ga inda aikinmu ya bambanta da na sauran ma'aikatan ofis, kuma a nan ne ni na faɗa rami. Saba ba ta san dare ba. Kusan duk inda za ka yi wannan aiki akwai zaman ko-ta-kwana, makon da wayar gaggawa take hannunka, in wani abu ya tsaya ƙarfe biyun dare kai za a tasa.

Lokacin da na karɓi aikina na uku, a wani birni mai tsada, na yi wa kaina dabara. Na kama gida can bayan gari inda haya ta kusa rabin ta cikin gari, na ce ai tafiyar awa ɗaya da rabi ba ta kashe mutum. Abin da ban karanta da kyau ba shi ne layi ɗaya a shafi na huɗu na yarjejeniyar, wanda ya ce mai riƙe da wayar gaggawa dole ya iya isa ɗakin sabobi cikin minti 45. A makona na farko da wayar, rumbun wata saba ya cika maƙil da bayanan da manhaja ke rubuta wa kanta, ma'ajiyar bayanai ta tsaya, na'urar kuma ta ƙi amsa mini daga nesa. Babu motar haya a wannan tsakar dare. Da ƙyar na sami wanda ya kai ni, na isa bayan kusan awa biyu. Gyaran kansa minti shida ya ɗauka: na goge tsofaffin fayiloli, na tayar da ma'ajiyar, na saita yadda za su riƙa goge kansu. Washegari ba a yi maganar minti shidan ba, awa biyun aka yi magana a kai. Bayan wata huɗu na tattara na koma cikin gari, na bar kuɗin ajiyata a wancan gidan saboda na karya yarjejeniya, ƙarin albashin da ya ruɗe ni kuma ya tafi wurin mai gida.

Saboda haka kafin ka sa hannu, ka yi waɗannan tambayoyi da bakinka, kada ka ji kunya. Mutum nawa ne ke karɓa-karɓar wayar gaggawa? In mutum biyu ne, rabin rayuwarka ke nan. In shida ne, mako ɗaya cikin shida, ana iya zama da wannan. Ana biyan zaman jiran daban, ko an ce yana cikin albashi? Sau nawa aka tashi mutum da dare a watan jiya? In mai yi maka tambayoyi ya yi dariya ya ce ai ba a ƙirgawa, ka ji amsarka. Sannan, ana iya yin gyaran daga gida, ko sai an zo da ƙafa, kuma cikin minti nawa? Amsar wannan ta ƙarshe ita ce za ta zana maka da'irar da za ka iya neman gida a cikinta, don haka ita ce ainihin mai yanke kuɗin hayarka.

Ka kuma mayar da albashin zuwa awa. Awa 40 a mako sau mako 52 ya ba da awa 2,080 a shekara. In zaman ko-ta-kwana da gyare-gyaren ƙarshen mako suna ƙara maka awa 8 a mako ba tare da biya ba, kuɗin awarka ya faɗi da kashi ɗaya cikin shida. In ka ɗora tafiyar awa uku a rana, kwana biyar, wasu awa 15 ke nan da ba wanda zai biya ka, kuma su ne awannin da ya kamata ka yi karatu a cikinsu. Wannan karatun shi ne abin da zai ɗaga albashinka nan da shekara biyu.

Ina aikin ya dosa

Ba zan ɓoye maka ba, sunan aikin yana ƙanƙancewa. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka, wadda alƙalumanta a buɗe suke ga kowa, ta ce matsakaicin albashin masu kula da tsarin kwamfuta da hanyoyin sadarwa a can ya kai dala 95,360 a shekara a watan Mayun 2023, amma ta yi hasashen yawan guraben zai ragu da kashi 3 cikin 100 tsakanin 2023 da 2033. A daidai wannan lokaci ta sa masu nazarin tsaron bayanai a kan dala 120,360, da hasashen ƙaruwar gurabe da kashi 33. Kada lambobin su ɗauke maka hankali in ba a can kake ba, don hayarsu ma irin tasu ce. Alkiblar za ka duba.

Dalilin a fili yake. Tun da Amazon ya fara ba da hayar sabobi ta intanet a 2006, Microsoft ya biyo da Azure a 2010, kamfanoni da yawa sun daina sayen ƙarfe suna jerawa a ɗaki mai sanyi. Aikin da mutum biyar ke yi da hannu, suna shiga saba ɗaya bayan ɗaya, yanzu mutum ɗaya ke yi da rubutaccen umarni. Aikin bai mutu ba, suna ya canza. Wanda jiya ake kira mai kula da tsarin kwamfuta, yau tallan aikinsa yana cewa injiniyan gajimare (gajimare shi ne sabobin nan da ake haya ta intanet), ko DevOps, wato haɗa aikin rubuta manhaja da na kula da sabobi, kalmar da ta samo asali daga taron da Patrick Debois ya shirya a Beljiyam a 2009, ko SRE, wato injiniyan tabbatar da tsarin bai tsaya ba, tsarin da Google ya fara a 2003. In kana neman aiki da tsohon sunan kaɗai, rabin guraben ba za ka ma gan su ba.

Kuma har gobe ana buƙatar mutumin da ya san cikin na'ura. Ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda, mutane irinmu ne suka bi kwamfutocin ɗaya-ɗaya suna goge fayil guda da hannu. Matsalar ita ce irin wannan ranar ce kaɗai ake tunawa da mu. In komai yana tafiya lafiya, shugaba yana tambayar me muke yi ne. In abu ya lalace, yana tambayar ina muke. Shi ya sa ba a ƙara wa mai wannan aiki albashi don kawai ya yi haƙuri.

Yadda ake hawa

Yawancinmu daga teburin taimako muka fara, inda ake sake wa mutane kalmar sirri, ana lallashin firinta. Ba abin kunya ba ne, a nan ake koyon yadda ake magana da mutumin da ransa ya ɓaci. Amma kada ka wuce shekara biyu a wurin. Albashin wannan matakin da wuya ya kama maka gida kai kaɗai a birni mai tsada, kuma shekara ta biyar a kan teburin ba ta koya maka abin da ta biyu ba ta koya ba.

Ka riƙe Linux da gaske, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, takwarar Windows. Tun da Linus Torvalds ya sake shi a 1991 ya mamaye sabobin duniya, kuma yawancin abin gajimare da za ka taɓa, shi ne a ƙarƙashi. In za ka kashe kuɗi a kan satifiket ɗaya, ni RHCSA, satifiket ɗin Linux na kamfanin Red Hat, nake nuna wa mutane, saboda ba jarrabawar canki-canka ba ce, na'ura ake ba ka a ce gyara. CCNA na Cisco yana da amfani in sadarwa ce ta fi jan ka, kuma ko ba ita ba ce, mai kula da saba da bai fahimci DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin na'ura, da yadda ake raba adireshin IP, wato lambar kowace na'ura a sadarwa, ba yana tafiya ne a duhu. Amma kada ka mayar da tara satifiket sana'a. Suna tsufa. Microsoft ya yi ritayar satifiket ɗinsa na MCSA da MCSE a farkon 2021, waɗanda wasu suka yi shekaru suna alfahari da su. Satifiket yana sa a kira ka ganawa, a ɗakin ganawar kuma abin da hannunka ya taɓa yi ake tambaya.

Saboda haka ka nemi tsohuwar kwamfuta mai isasshiyar ƙwaƙwalwa, ka ɗora mata Proxmox, manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar da yawa, ka tayar da sabobi uku ko huɗu a ciki. Ka lalata su da gangan. Ka yi kwafin ajiya, ka goge komai, ka ga ko za ka iya dawo da shi, domin kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba fata ne kawai. Duk abin da ka yi da hannu sau uku, a karo na huɗu ka rubuta shi da harshen umarni irin Bash ko Python ko PowerShell. Daga nan kayan aikin saita sabobi da ɗora musu manhaja da rubutaccen umarni: Ansible, sai Terraform, sai Docker. Kubernetes, mai sarrafa manhajoji a kan sabobi da yawa, ka bar shi sai waɗannan sun zauna, na ga yara da yawa sun fara da shi sun rikice. Ka ajiye duk rubutunka a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin rubutaccen umarni, inda za ka iya nuna wa mai ɗaukar aiki. Tsakanin mai gyara da hannu da mai rubuta abin da ke gyarawa, a nan babban tsallen albashi yake.

Ka kuma lura da irin ma'aikatar. Inda kwamfuta take kayan aiki kawai, kamar kujera da fanka, ana kallon sashenka a matsayin inda kuɗi ke zurarewa, kuma albashin yana da rufi. Inda tsayawar saba ta awa ɗaya take nufin asarar ciniki, kamar banki ko kamfanin sadarwa ko mai sayar da manhaja, a nan ake biya da kyau, a nan kuma wayar dare ta fi ƙara.

In lokacin neman ƙari ya yi, kada ka shiga ofishin shugaba da maganar hayarka ta tashi. Gaskiya ce, amma ba damuwarsa ba ce. Ka ajiye ɗan littafi duk shekara: aikin da ke cin awa shida a mako na mayar da shi minti goma, na kashe sabobin gajimare goma sha biyu da ake biya ba a amfani da su, kiran dare ya sauko daga tara a wata zuwa biyu. Da wannan ake ciniki. Kuma abin da na gani a kaina da abokan aikina shi ne, ƙari mai tsoka ya fi zuwa ta hanyar sauya wurin aiki fiye da zama ana jira. Ba ina cewa ka riƙa tsalle duk wata shida ba, wannan ma yana ɓata takarda.

Aiki daga gida kuwa, shi ne abin da ya fi kowane ƙarin albashi sauya lissafin gida, tunda yana raba inda kake samu da inda kake biya. Sai dai ka tambaya tun farko ko albashin yana bin wurin zama. Kamfanin manhaja na GitLab, wanda duk ma'aikatansa daga nesa suke aiki, ya daɗe yana lissafa albashi da la'akari da inda mutum yake, Facebook ma ya sanar a 2020 cewa wanda ya ƙaura zuwa wuri mai araha za a daidaita masa albashi. Kuma ka sa a rubuta maka izinin a cikin yarjejeniya. Alkawarin baki yana tafiya ranar da shugaban da ya yi shi ya bar wurin, ga ka ka sayi gida tafiyar awa huɗu daga ofis.

In maganar saye ce

Ma'auni mafi sauƙi shi ne ka raba farashin gidan da abin da gidanku ke samu a shekara. Rahoton Demographia da ke kwatanta biranen duniya yana ɗaukar ninki 3 ko ƙasa da haka a matsayin mai sauƙin saye, Hong Kong kuma ta yi shekaru tana kan gaba a tsada da ninkin da ya haura 15. A Ingila, tun 2014 babban bankinsu ya taƙaita yawan bashin gida da bankuna za su iya bayarwa a kan ninki 4.5 na kuɗin shiga ko sama da haka. Wannan yana nuna maka inda masu ba da bashin da kansu suke fara jin tsoro.

Ga yadda lokaci ke shiga. A ce gidan ninki 5 ne na abin da ke shigo maka a shekara, ana son ka fara zube kashi 20. Wato albashin shekara guda cur. In kana ajiye kashi 15 na albashinka kowane wata, wata 80 za ka yi, shekara 6 da wata 8, in har farashin ya tsaya yana jiran ka, kuma ba ya tsayawa. In ka iya ajiye kashi 25, wata 48 ne. Wannan tazarar ta kashi 10 kusan kullum daga haya take fitowa, ba daga rage shan iska ba. Shi ya sa mai 72 ɗin nan na farkon labari zai iya riga mai 100 shiga gidansa.

In da bashi za ka saya, kuɗin ruwa ya fi farashin gidan iya karya ka. Bashin 100,000 na shekara 30 a kan kashi 3 yana nufin biyan kimanin 422 a wata. A kan kashi 7 ya zama kimanin 665, gida ɗaya, mutum ɗaya. Amurkawa sun ga wannan da idonsu, daga ƙasa da kashi 3 a 2021 zuwa dab da kashi 8 a Oktoban 2023. Wanda ba ya mu'amala da ruwa zai bi tsarin haɗin gwiwa da banki inda yake sayen kasonsa a hankali yana biyan hayar sauran, amma shi ma sai ya zauna ya lissafa abin da zai fita daga aljihunsa kowane wata. Kowanne ka bi, ka lissafa shi a kan albashin tushe kawai. Alawus ɗin zaman ko-ta-kwana da kuɗin ƙarin lokaci ba a gina bashin shekara 20 a kansu, ana iya soke su da saƙon imel ɗaya. Ka kuma ajiye kuɗin rayuwar wata shida a gefe kafin ka sa hannu, don a wannan fanni ana sallamar mutane ko da suna aiki da kyau, ranar da aka yanke shawarar miƙa sashen ga ɗan kwangila.

Akwai lokacin da nake cewa mutum ya tafi birni mai tsadar duk da lissafin bai ba shi ba. In aikin zai sa shi a gaban sabobi dubu maimakon goma, tare da mutanen da suka fi shi sani, shekara biyu ko uku na matsi suna iya biyan kansu. Amma ya tafi da wa'adi a ransa, ya raba gida da wani, kada ya sayi komai mai nauyi.

Wannan na gaya wa yaron nan, ya ce to shi birnin yake so saboda abin da zai koya. Na ce ya kira su ya yi tambayar wayar gaggawa tukuna. Ya fita waje ya kira, ya dawo ya ce mutum biyu ne ke karɓa-karɓa, kuma wanda ya bar gurbin da ake son ba shi wata bakwai ya yi ya ajiye aikin. Ya ja kujera ya zauna, ya juya takardar, ya ce in sake ba shi biron.